Buhunan da Ke Saman Silin Inna

Ko tsufa ya kai ni inda zan manta sunayen 'ya'yana, ba zan manta ranar da na kwashe buhunan da ke saman silin ɗakin mahaifiyata ba, a ƙauyenmu kusa da Sule Tankarkar.

Lokacin ina jan motar wani Alhaji zuwa kasuwar Maigatari, na ɗan samu, na kuma ga gidajen mutane. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma a gidanmu ni ne mai ilimi. Silin Inna ya yi ciki, ɓeraye na tsere a kai, wani baƙin gari yana zubowa kan gadonta. Na ce a ɓalle shi a sa farin na roba, irin na falon maigidana.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini musu. Da na gaya mata, sai ta juya tana gyara bakin tabarma, ta ce, “To.” Na ɗauka izini ne. Shekarata arba'in a lokacin, kuma iyakar hankalina ke nan.

Na ɗauko kafinta daga Gumel. Ya ɓalle falle ɗaya, ya zura kai, ya sauko yana tari. Buhuna ne jere tsakanin silin da kwano, cike da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, an gauraya da toka saboda gara. Marigayi Baba ne ya jera su da hannunsa.

Kafintan ya ce, “Maigida, wanda ya yi wannan ya san zafin rana. In ka ji tawa, mu sake buhu mu mayar.”

Na ce, “Aiki na kira ka ko wa'azi? Wa ke ajiye shara a kansa?”

Ya ce, “Gidanka ne. Ni dai ba nan zan kwana ba.”

Wuni muka yi muna saukewa, buhunan na fashewa a hannunmu. Kwana uku ina susa. Na tara su a bayan gida na cinna wuta, Inna na zaune a tsakar gida tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

Bazara ce. Silin ya yi kyau, wannan ba a musu. Ɗakin kuwa daga hantsi sai ya koma tanda. Amma Inna ba ta fitowa. A ciki take wuni, don kada maƙwabta su gan ta a waje su ce aikin ɗanta ya ɓaci. Duk wadda ta zo kallo sai ta ce mata, “Allah ya yi masa albarka.” Matata ta ce mini ɗakin ba ya zaunuwa, na sayo fanka mai caji na rufe zancen.

A sati na uku, bayan azahar, matata ta sami Inna kwance a ƙasa. A asibitin Gumel aka ce zafi ne ya haɗu da hawan jini. Muna baranda ƙanwata ta ce, “Yaya, ai ta gaya mini tun farko, ta ce da dai an bar buhunan.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“In faɗa wa wa? Kafinta ma da ya faɗa, me ka ce masa?”

Da aka sallami Inna, ƙanena ya wuce da ita gidansa a nan Gumel. Ni kuwa na bi gidaje ina roƙon ɓawon gyaɗa, na cika buhuna, kafintan nan ya dawo ya jera. Na je Gumel ɗauko Inna. Ta dubi ƙanwata, ina tsugune a gabanta, ta ce, “A ce masa an gode. Nan ma akwai sanyi.”

Shekara huɗu ta yi a can, a can ta rasu. Ɗakin yanzu wake nake ajiyewa a ciki.

Abin da na koya bai da yawa. In kai ɗan fari ne, kada ka tambayi uwarka abu da bakinka, don ba za ta ce maka a'a ba ko da zai kashe ta. Ka aika ƙanwarka ta tambayo, kuma in ta dawo ka yi shiru ka saurara.