Hancin Gidanmu

Hancin gidanmu ba ya ɓuya. Faffaɗa ne, zaune daram a tsakiyar fuska, ba shi da wani karan kirki da tabarau zai tsaya a kai. Babanmu ya zo da shi daga gonakin audugar Jazira zuwa unguwar Mayo a Khartum, ya raba mana bai cuci kowa ba: na samu, yayata ta samu, 'yarta ta fari ma ta samu nata cif. Tun ina firamare nake shan tsokana a kansa. In muka yi faɗa da yarinya ta rasa abin cewa, sai ta danne nata hancin da yatsa ta ce “Fallatiya”, sunan da Larabawan ƙasar ke kiran irinmu da shi, shi ke nan ta ci nasara. Na girma na zama malamar makaranta a Umdurman, kuma har yau da hancin nan nake shaƙar iskar Allah, bai taɓa yi mini gardama ba.

'Yar yayar tawa, mai ce mini Halti, wato ƙanwar uwa da Larabci, a hannuna ta yi rabin ƙuruciyarta. Ni na koya mata karatu, ni na raka ta ranar da ta fara shiga jami'a a Khartum. A can ta haɗu da wani yaro ɗan Umdurman, suka so juna, aka sa rana. Wannan duk kafin yaƙi ya watsa mu ne. Yaron ba shi da laifi, na faɗa tun yanzu don kada a ɗora masa. Laifin ya fara ne daga bakin gwaggonsa.

Ranar da danginsa mata suka kawo kayan aure Mayo, mun share tsakar gida mun yayyafa ruwa, mun aro kujeru daga maƙwabta. Yarinyar ta fito da tiren shayi. Gwaggon nan, wata doguwa mai awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen haske kamar mai taya akuya a kasuwa. Ta ce da Larabci, “Masha Allah, ido, haƙori, komai tamam. Allah dai ya sa yaran su ɗauko hancinmu.” Mata suka kwashe da dariya. Na buɗe baki zan ba ta amsar da za ta koma da ita Umdurman a ƙafa, yayata ta mintsine ni a cinya. Yarinyar ma ta yi dariya, ta ci gaba da zuba shayi.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na ji shi. A waya ta ga tallar wata mata da ke kiran kanta daktora, mai aiki a ɗakin baya na wani kuwafer a Khartum, inda ake gyaran gashi da ƙunshin amare. Tallar ta ce an daina yanka hanci, wannan tsohon yayi ne. Yanzu allura ce, fila, wani abu mai kauri da ake ɗura wa ƙarƙashin fata ya ɗaga karan hanci. Ba tiyata, ba ɗinki, ba kwanciya asibiti, ki shiga ki fito kafin shayinki ya huce. Kalmar “ba tiyata” ita ta cuce ta. Yarinyar da ko cire haƙori sai na riƙe mata hannu, ta ji an ce ba wuƙa, ta ɗauka ba haɗari.

Kuma ta yi dabara, don ba wawiya ba ce. Ta zaɓi ranar jajiberin shigarta habsa.

Habsa ita ce zaman ɗaki da amarya take yi kafin biki. Ba ta fita, ba ta shiga rana, baƙo ba ya ganinta. Ana shafe ta da kwaɓin gari da kurkum da mai tun daga goshi har tafin ƙafa, tana zama a kan ramin dukhan, an lulluɓe ta da bargo mai kauri, hayaƙin itacen talha yana ratsa ta. Hayaƙin yana barin wani baƙi-baƙi a fata, kuma ba a wanke shi, barinsa ake yi ya taru. Sai biki ya matso a murje da dilka, baƙin ya saɓule, sabuwar fata ta fito sumul. Lissafin yarinyar shi ne kumburin allura zai saɓe a ɓoye, ta fito ranar biki da sabon hanci, a ce gyaran amarya ne ya karɓe ta.

Tun a kujerar kuwafer ɗin ta ji zafin da ya wuce na allura. Ta ce kamar an soka mata garwashi, kan hancin ya yi fari-fari kamar an shafa toka. Daktorar ta murza wurin da yatsa ta ce haka yake yi wa kowa, ta ba ta ƙwayar ciwon kai. Ta dawo gida da mayafi a fuska, ta ce wa uwarta mura take yi, ta shige ɗaki. Washegari aka kwaɓa kurkum aka shafe fuskar.

To ku dubi yadda abin ya zo wa tsiya daidai. Amarya tana kuka a ɗaki, wa zai tambaya? Kowace amarya tana kuka. Ta ƙi cin abinci, amarci ne. Gefen hancinta ya fara duhu, yayata ta leƙa ta ce masha Allah, dukhan ya kama. Ya yi baƙi ya fara ɓawo, ta ƙara murna, tana gaya wa maƙwabta fatar 'yarta mai karɓar hayaƙi ce. Fata tana mutuwa a fuskar yarinya, uwarta tana ƙara itace a rami. Ba na zagin yayata. Abin da aka koya mata ta nema a fuskar amarya shi ta gani.

Yarinyar ta yi ta aika wa daktorar saƙo. Amsa ɗaya take samu: ki sa tsumma mai ɗumi, ki yi haƙuri, kyau sai da wahala. Ta nemi hotunan irin wannan matsala a waya, duk waɗanda ta gani fararen mata ne, fatarsu ta yi ja da shuɗi. Ta duba madubi ba ta ga ja ba, ba ta ga shuɗi ba, ta ce to ba shi ba ne. A fatarmu abin duhu kawai yake yi, a ɗakin da kowa yake jiran duhu.

Ni kuwa jarrabawa ta riƙe ni a makaranta, sai ranar Juma'a na samu zuwa. Na hau mota daga Umdurman, na sauya wata a kasuwar Suk al-Shabi, na isa Mayo da hantsi ɗauke da turaren da na haɗa mata. Ina shiga ɗakin na ji wani abu a ƙarƙashin ƙamshin talha, wani ɗan wari da bai kamata a ji a ɗakin amarya ba. Tana zaune a lungu ta juya wa ƙofa baya.

Na ce, “Amarya, ko gaisuwa babu? Juyo in ga yadda suka gasa ki.”

Ta juyo a hankali. Na ce ta matso taga, ta ƙi. Na jiƙa bakin mayafina a kofin ruwa na kai fuskarta zan goge kurkum ɗin, ta ƙwalla ƙara ta riƙe mini hannu.

“Ya Halti, kar ki taɓa, wallahi zan mutu.”

Na goge duk da haka, a hankali. Abin da na gani ba hayaƙi ba ne. Gefen hancin na hagu har zuwa kansa ya yi baƙi ƙirin, ya bushe kamar fatar ganga, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi. Na ce, “Me kika yi?” Ta faɗi komai tana shessheƙa, rabi Hausa rabi Larabci.

Na kira lambar daktorar a gabanta. Na ce, “Me kika ɗura wa 'yata a hanci? Faɗa mini sunansa.” Ta ce kaya ne mai kyau daga waje. Na ce sunansa nake tambaya. Ta ce kwalin ta yar. Na ce a wace makaranta ta yi karatun likita, sai na ji ɗif. Na sake kira, ta toshe lambar.

Na ce wa yarinyar ta ɗauko mayafi. Yayata ta tare ƙofa da hannu biyu.

“Ina za ki kai ta? Tana cikin habsa fa. Aib ne, abin kunya! Duk Mayo za su gan ta, kafin la'asar labari ya kai Umdurman.”

Na ce, “Yaya, matsa.”

“Bari a kira mai allurar unguwa ya duba ta a ɗaki. In dangin miji suka ji...”

“Dangin mijin ne suka kai ta nan! Yaya, hancin 'yarki ruɓewa yake yi. Ki matsa ko in bi ta kanki, wallahi ba na wasa.”

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba, ita ta goye ni ina ƙarama. Ta dubi fuskar 'yarta a hasken ƙofa, karo na farko babu kurkum, sai ta saki ƙofar ta zauna a ƙasa. Na tare raksha, babur mai ƙafa uku, a bakin layi, muka fita da rana tsaka, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na ce su leƙa da kyau.

Likitan da ya duba ta a asibiti bai yi mana faɗa ba, na kuwa so a ce ya yi, ko na samu wanda zan rama a kansa. Kafin ya taɓa hancin sai da ya rufe mata ido ɗaya ya ce ta ƙirga yatsunsa, ya rufe ɗayan. Na ce ina ruwan ido? Ya ce jijiyoyin jinin hanci suna haɗe da na ido, in abin da aka ɗura ya shiga jijiya ya bi ta can, mutum yana iya makancewa nan take. Nata a hanci ya tsaya, ya toshe hanyar jini, fatar da ke gaba ta rasa abinci ta mutu. Ya ce hanci yana cikin wuraren da suka fi haɗari a yi wa wannan allura, ko a hannun gwani. Bambancin gwani shi ne ya san abin da ya ɗura, ya san farin nan da zafin nan alama ce, kuma yana da wata allura a kusa da ke narkar da abin tun jini bai yanke ba. Ya tambaye mu sunan abin, muka ce kwalin yana bola. Ya tambayi yaushe aka yi, da ta faɗa sai ya sauke kai.

Aka ɗaga biki. Yaron ya zo asibiti ya zauna bakin gado yana hawaye, yana cewa shi bai taɓa cewa komai a kan hancinta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Gwaggon ma ta zo, da ledar lemo. Ta tsaya a kan yarinyar tana girgiza kai.

“Haba 'yata, me ya kai ki? Canza halittar Allah haram ne. Da hancinki lafiya lau, wa ya ce miki yana da aibi?”

Wannan karon babu mai mintsina ta. Na miƙe na maimaita mata maganarta ta ranar kayan aure kalma-kalma, da muryarta, har da yadda ta kama haɓa. Ta ce wasa take yi. Na ce to ga abin dariyar nan a kwance, ta yi dariya mu gani. Na ɗauki ledar lemonta na rataya mata a hannu na buɗe mata ƙofa. Har yau in na tuna fuskarta tana cewa wasa ne, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Baƙar fatar ta faɗi da kanta, ta bar gurbi a gefen hanci, ana hango ciki. Da ciwon ya warke aka tura mu wajen likitan tiyata. Yarinyar da ta guje wa wuƙa, ga ta zaune ana auna goshinta, ana bayanin yadda za a yanko fata daga nan a juyo da ita a rufe can, kuma ba sau ɗaya za a shiga ba. Ya ce ba zai koma yadda yake da ba, amma zai yi ƙoƙari ya kusanta. Sai ya ce ta nuna masa hotonta na da, wanda hancin ya fito sosai, don ya san abin da zai bi.

Ta buɗe waya tana ja. Hoton jami'a, hoton sallah, hoton ranar kayan aure. Yana dubawa yana cewa wuce. Duk an bi su da abin nan na waya da ke gyara fuska, hancin ciki siriri ne mai tsini, na wata yarinya da ba a taɓa haifa a gidanmu ba. Ta yi ta ja har ta kai ƙarshe. Babu ko ɗaya da ta bari yadda Allah ya yi ta.

Ta ajiye wayar a cinya. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana kallon tsakiyar fuskata.

Ta ce, “Dakta, irin na Haltina ne. Sak irinsa.”

Likitan ya ce in cire tabarau in zauna jikin farin bango. Ya ɗauke ni hoto da wayarsa ta gaba, ya ɗauke ni ta gefe, ya ce in ɗaga haɓa. Na zauna ƙyam ina danne hawaye don kada in ɓata masa hoto, yarinyar tana daga bayansa tana leƙa wayar.

“Ka ɗauka da kyau,” ta ce masa. “Shi nake so ka mayar mini.”