Wasiƙar da Maman Job Ta Yanka Kwala

Duk wanda ya san layin teloli na Wunti ya san Liatu, wadda ake kira Maman Job. Mutuniyar Bogoro ce. Aure ne ya kawo ta Bauchi lokacin da mijinta Andrawus yake soja a barikin Shadawanka, kuma a nan ta koyi ɗinki, tana rage wa sojoji tsawon wando. Da ya yi ritaya sai ta kama shago a Wunti. Mace ce mai fara'a da surutu, tana waƙar coci da allura a baki, abin da maƙwabta suka yi ta hana ta har suka haƙura.

Abu ɗaya ne ke ɓata mata rai, wato takardun haraji na bogi. Ita dai harajinta a banki take biya, ta adana rasit a gwangwanin alewa. Amma wata shekara wasu mutum biyu suka shigo da takarda mai tambari, suka ce za a garƙame shagon kafin la'asar in ba ta tura kuɗi wani asusu ba. Saura ƙiris ta tura. Allah ya taimake ta ta tafi ofishin haraji roƙon sassauci, a can aka ce mata ba a san da zancen ba. Aka kuma wayar mata da kai: ba a biyan haraji a asusun wani mutum, ba a neman lambar sirrin katin banki, kuma mai shakka ya zo ofis da ƙafarsa, kada ya kira lambar da ke jikin takardar.

Liatu ta riƙe wannan darasi har ta wuce gona da iri. Takardun bogi ba su daina zuwa ba, ita kuwa ta lura 'yan damfara ba sa rowar takarda, mai kauri suke bugawa. Sai ta riƙa yanka su siffar kwala da aljihu, ta ɗora a kan yadi ta zagaye da alli. Tun tana karantawa kafin ta yanka, har ta daina wahalar da idonta. Da ta ga tambari, sai almakashi.

Bana wata makaranta mai zaman kanta ta nemi telan da zai ɗinka wa yara yunifom. Liatu ta ƙwallafa rai a kan aikin, don gwiwoyinta sun gaji da taka keke, kuma da wannan kwangila ce kawai za ta iya sayen mai amfani da lantarki. Ta kai samfuri, aka yaba, musamman yadda kwalar ta zauna. Sharaɗi ɗaya ya rage: ta kawo takardar shaidar biyan haraji kafin a tashi aiki ranar Juma'a. Ta riga ta nema a ofis, an ce za a rubuto mata in ta fito. Shiru kake ji.

Ranar Alhamis ta kai ƙorafi wurin maƙwabcinta Malam Mijinyawa, mai sayar da zare da maɓalli.

"Ai an kawo miki, Maman Job," in ji shi. "Ranar da kika tafi zumuntar mata masinja ya zo. Ni na sa hannu, na ajiye miki a kan tebur."

Liatu ta juya da sauri. Ta koma shago ta zazzage kwandon takardun yanka, tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ta same ta. Ita ce ta yanka siffar kwala, ta fitar da kwalar samfurin da makarantar ta yaba. Rabin tambarin ya tafi, amma ga sunanta, ga layin da ke cewa ta zo ofis da rasit ɗinta. Ba neman kuɗi, ba barazana. Ta gaske ce, kuma da hannunta ta yi mata aski.

Da ta nuna wa Malam Mijinyawa, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Liatu ba ta ga abin dariya ba, hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta rungumi gwangwaninta, ta tare Keke Napep.

A ofishin, ma'aikaciyar da ta karɓe ta, Malama Madina, ta ce, "Mama, ina wasiƙar da muka aiko miki?"

Liatu ta shimfiɗa kwalar a kan tebur, ta miƙar da ita da tafin hannu.

Madina ta ɗaga ta, ta juya, ta dubi zanen alli a gefenta. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, abin ya gagara. Da Liatu ta ba da labari, har na teburin gefe suka taso kallo. Sa'ar da aka yi, lambar wasiƙar ta tsira a bakin kwalar. Madina ta shigar da ita kwamfuta, ta duba rasit, ta buga takardar shaidar ta miƙa mata.

"Tsoronki daidai ne, Mama. Amma ki riƙa karantawa tukuna, in kin yi shakka ki kawo mu gani."

"Na ji, 'yata. Allah ya yi miki albarka," in ji Liatu, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai Madina ta jawo fayil za ta saka kwalar, don ka'ida ce wasiƙar ta koma cikinsa. Liatu ta dafe ta da sauri.

"A'a, 'yata. Wannan kwalar suka yaba. In kin riƙe, da me zan yanka?"

Madina ta tashi ta ɗauki hoton kwalar a inji, ta saka hoton a fayil, ta mayar wa mai abu abinta.

Da safiyar Juma'a Liatu ta kai takardar makaranta, aka ba ta aikin. Yanzu sabon keke ke ƙugi a shagonta, gwiwoyinta sun huta. Yaran makarantar kuwa, in ka gan su da safe suna tsallaka titi, kowane ɗayansu a kan wasiƙar gwamnati aka yanka kwalar wuyansa.