Layin Yaya a Wayata

Shekarar da na cika shekara goma ina koyarwa a lakol ɗin 'yan mata na Gazawa, na ce wannan babban hutun ba zan yi shi a bakin murhu ba. Yayata tana aure a Kano, ta daɗe tana cewa in zo in ga gari, ni kuwa ban taɓa kwana a ƙetaren iyaka ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: Innarmu. Tana zaune a Gangara wurin ƙanenmu, kuma duk ranar Allah sai mun yi magana. In ban kira ba, sai in aika mata saƙon murya ta wayar matar ƙanen namu, ta saurara, ta maido amsa.

Kafin tafiya na tambayi mutum uku yadda zan yi da waya a can ba tare da ta cinye mini guzuri ba, kowa ya ba ni amsa dabam. Maigidana ya ce in bar pis ɗina na gida, ɗan katin nan mai lamba, a cikin wayar, in sayi forfe na matafiya, wato kuɗin kira da saƙo. Wata abokiyar aikina ta ce wannan ɓarna ce, in na isa in sayi nasu, ya fi araha nesa ba kusa ba. Mai shagon waya na bakin tasha kuwa bai ma bari na gama bayani ba, ya karɓi wayar ya daddanna, ya miƙo mini.

"Shi ke nan, Madam, na sa miki."

"Ka sa me?"

"Na tafiya. Da kin tsallaka zai kama da kansa."

"In ban tsallaka ba fa?"

Ya ce ai zan tsallaka. Na fito da wayar a hannu ina kallonta kamar ba tawa ba.

Ba mu ko kai shingen jandarma na ƙarshe ba, saƙo ya shigo yana yi mini barka da zuwa wata ƙasa. Na leƙa ta tagar mota, gonakin hatsinmu ne dai, ga wani da amalanken jaki yana tafe a gefen hanya. Na tambayi direba ko mun shiga. Ya ce saura. Na ce to waya ta ce mun shiga. Ya yi dariya ya ce rezon waya ba ruwansa da shinge. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce in kashe ta maza, haka aka shanye wa ɗanta komai yana cikin gonarsa. Na kashe. Har muka isa Kano ban kunna ba, kuma ina ta tunanin ko abin da aka sa mini yana ƙarewa ko a kashe.

Yaya ta tarbe ni, muka ci muka sha, sannan na ce mata ina son pis.

"Kina son me?"

"Pis. Na cikin waya."

"Au, layi."

Ni a wurina layi shi ne wanda yara ke yi kafin su shiga aji. Na ce forfe, ta ce data. Na ce rezo, ta ce sabis. Uwa ɗaya ta haife mu, amma ranar sai da muka yi ta nuna wa juna abu da yatsa.

Washegari muka je wani shago a saya mini layin. Mai shagon ya nemi lambar shaidar zama ɗan ƙasa, na miƙa masa katina na gida. Ya juya shi gaba da baya, ya ce wannan ba zai shiga na'urarsa ba, sai dai mu je babban ofis da fasfo. Ba ni da fasfo. Yaya ta ce mu tafi gida, tana da wani tsohon layi da ta daina sawa tun da ta canza waya, ta zuba masa data in yi amfani da shi.

Wayata mai gida biyu ce. Pis ɗina na gida yana ɗaya, layin Yaya yana ɗaya. Mijin Yaya ya ce ya saita ta yadda za ta riƙa sha daga na Kano kawai. Da yamma maƙwabciyarsu ta duba ta ce a'a, juyawa ya yi, ta gyara. Daga nan ban ƙara sanin wanne ke aiki ba. Saƙonnina na murya wani ya tafi, wani ya tsaya yana juyi. Saƙonni suna shigowa da Faransanci suna cewa abu ya kusa ƙarewa, wasu da Turanci suna cewa an ƙara mini kyauta, ni dai ina karantawa ina ajiyewa.

Sai kira ya fara shigowa. Ashe tsofaffin masu sayen turaren wutan Yaya ba su san ta bar lambar ba, kuma muryarmu ɗaya, tun muna yara ake rikita mu. Wata ta yi ta yi mini faɗa wai na ɓace mata wata da watanni. Na ba ta haƙuri kafin in tuna ba ni ba ce.

Kwana na biyar, da hantsi, Yaya ta fita kasuwa ina tsintar shinkafa a tsakar gida, waya ta yi ƙara. Ban duba ba na ɗauka, na ce salamu alaikum.

"Babba, ke ce?"

Inna ce. Haka take kiran Yaya, don ba ta faɗin sunan 'yar fari. Tsohuwar lambar ce kaɗai ta haddace, ita ta sa aka danna mata. Na buɗe baki in ce ni ce, ta riga ni.

"Ƙanwarki tana kusa?"

Ban san abin da ya sa na ce a'a ba. Wataƙila don gaskiya ne ta wani gefen, babu wata ƙanwa kusa da ni.

"To saurara. Ƙafar nan ta kumbura, kwana uku ban taka ba. An kai ni likita an ba ni magani, da sauƙi. Kada ki gaya mata. Kin san halinta, yau ɗin nan za ta hau mota. Yarinyar nan ba ta taɓa hutawa ba, ki bar ta ta huta. Ki kai ta ta ga wurare. Ki sa ta ci abinci, ta rame."

Na ce to, Inna. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce a gaida yara, ta kashe.

Na zauna da tiren shinkafa a cinya. In na kira ta da lambata na tambayi ƙafa, ta gane na yi mata ƙarya. In na yi shiru, uwata tana kwance ina yawon ganin gari. In na koma gida, na karya abin da ta roƙa, kuma ni ta roƙa, ko da ba ni take nufi ba.

Da Yaya ta dawo na gaya mata duka. Ta ajiye kayan miya ta dube ni.

"Wato yanzu ni aka ce kada in gaya miki, ke kuma kike gaya mini."

Muka yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Yaya ta kira ƙanenmu, ya tabbatar da cewa kumburin yana saɓewa. Muka yanke in ƙara kwana uku maimakon sati biyu da na yi niyya. Ta kai ni kasuwar Kurmi, ta kai ni wurin marina, na ga komai amma rabin hankalina yana Gangara. Kullum ina aika wa Inna saƙo ina ba ta labarin gari, ita kuma tana maido mini cewa lafiyarta ƙalau.

Da na dawo, kai tsaye Gangara na wuce. Na tarar da ita zaune a kan tabarma, ƙafar a miƙe an shafe ta da magani. Na yi kamar yanzu na gani. Ta ce ƙaya ce ta taka shekaranjiya. Na ce sannu. Tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Muryar Babba ta canza kwanan nan. Ta koma yin magana irin ta mutanen Gazawa."

Na zauna kusa da ita. Ta turo mini kwanon gyaɗar, muka ci gaba da ɓarewa tare.