Shafin Man Shanun Inna

Ni na fara kawo maganar shafin intanet a gidanmu, kuma da na san abin da zai biyo baya, ƙila da na ja bakina na yi shiru. Ƙila fa na ce, don shiru ba halina ba ne.

Innarmu man shanu take sayarwa. Mata ne daga rugagen Roni da Gwiwa suke kawo mata ɗanye, ta soya shi da albasa a tsakar gidanmu a Kazaure, ta tace, mu ɗura a kwalabe. Ranar suya har maƙwabta sai sun leƙo sun ce ƙamshi ya hana su zama. Sannu a hankali masu saye suka yi yawa, daga Kano, daga Kaduna, har da matan Abuja da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kuma duk a wayata suke sauka. Akwai ƙaramar kwalba? Kuna ba direba ya kawo? Turo hoto mu gani. Tambaya ɗaya in yi ta amsa ta tun safe har magariba. Da na gaji na ce, Inna, a yi mana shafi, kowa ya shiga ya gani da idonsa ya zaɓa, ni ma in huta. Ta tambaye ni ko abin yana cin wuri a ɗaki. Na ce a'a. Ta ce to a yi.

A wurina maganar wa zai yi ba ta ma taso ba. Yayanmu, ɗan farin Inna, sana'arsa ke nan. Karatun kwamfuta ya yi, yana zaune a Kano yana haɗa wa makarantu da masu shaguna shafuka. A ranar na kira shi. Mutumin da in ka kira shi ba ya wuce "to" da "ba laifi", ranar sai da wayata ta yi zafi a kunnena. Ya ce launin shafin zai yi shi kalar man, ya ce zai zo da kyamara ya ɗauki hoton suyar tun daga ɗora tukunya. Can da zai kashe ya sassauta murya ya ce, "Innarku ta yarda ni in yi?"

Na ce, "Haba Yaya, wa zai yi in ba kai ba?"

Innarku yake cewa, kuma da dalili. Mu Fulani ne, duk da fillancin ya tsaya a bakin Inna da 'yan uwanta, mu sai ɗan abin gaisuwa. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ana yaye Yaya kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Gwiwa, can ya girma. Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "yayanku" ko "ɗan Gwiwa". In ya zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri, sannan ta ce mini in kai wa baƙo abinci. Haka muka tashi muka gani, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba, kuma na zaci shi ma haka ne.

Na sami Inna tana kwashe kumfa a kan tukunya, na ce mata Yaya ya ce zai yi.

Ba ta ɗago ba. "A nemo wani."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce Kawu, wato ƙaninta, ya san wani mutum a Babura da ya yi wa masu sayar da riɗi irin wannan abin, shi za a kira.

Kai, ranar na yi magana. Na ce Inna, ga gwani a gida a tafi neman bare? In shafin ya lalace wa za mu bi, mutumin da ba mu san ƙofar gidansa ba? Na ce duk sirrin shiga shafin a hannunsa zai zauna, ran da aka saɓa ya rufe mu waje fa? Ta bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, tana ta juya manta.

Sannan ta ce, "Ke kika ce mai aikin sai ya zauna da ni ya yi ta tambayata, ko?"

"E."

"Ya nuno mini abin da ya yi, in ce wannan ya yi, wannan bai yi ba?"

"E mana."

"To in bai yi ba, da wane baki zan gaya masa? In kuma ya yi kyau, da wane bakin?"

Na ce ni zan tsaya a tsakani in riƙa kai saƙo. Ta harare ni ta ce, ni da ba na iya kai saƙo sai na ƙara masa gishiri? Ta kuma ce ta ji masu irin wannan aiki suna rubuta sunansu a ƙasan shafi. Wato sunanta a sama, na ɗan fari a ƙasa, duniya duka tana kallo. Ta ce ita ba za a fara wannan rashin kunya a kanta ba.

Na hau A-daidaita na tafi wajen Kawu in kai ƙara. Dariya ya yi ta yi mini. Ya ce, 'yar nan, ko ba maganar kunya, aiki da ɗan gida wahala ne, bare kana iya ɗaure masa fuska ka ce gyara nan, naka kuwa sai dai ka haɗiye. Na ce Kawu, ai ba kai za ka gaya wa Yaya ba, ni ce. Ya ce wannan kuma gaskiya ne, Allah ya ba ni sa'a.

Da na kira Yaya na yi ta kewaye-kewaye, shi ya tare ni ya ce, "Ta ce a'a ko?" Na ce e. Ya ce ba komai. Ya tambayi wa za a ba, na gaya masa, ya ce ya san aikin mutumin, yana da kyau. Sai ya shiga koya mini abin da zan tsaya a kai: a yi rajistar shafin da sunan Inna, kalmar sirri ta zauna a hannunmu, shafin ya buɗu a ƙaramar waya ko sabis ba ƙarfi, kuma mu ji tun yanzu wa zai riƙa sabunta shi duk shekara. Yana ta magana kamar wata baƙuwa ce ta zo neman shawara. Ina cewa to, to, har ya gama. Sai ya ce, "Na ɗauka wannan karon dai an samu abin da zan yi mata da hannuna."

Ashe abin da muke gani ba komai ba, shi yana cinsa tun tuni. Na yi kuka, kuma na yi kwanaki tsakanina da Inna sai gaisuwa. Ita ko a jikinta, ko dai haka ta nuna.

Ranar da mutumin Babura zai zo ta faɗo daidai da zuwan Yaya gida don sunan ɗan abokinsa. Mota ta sauke baƙon a tasha, bai san unguwarmu ba. Ba wanda ya aiki Yaya, shi ya ari babur ɗin Kawu ya ɗauko mutumin da aka ba aikinsa, ya kawo shi har ƙofar gida. Ya ce zai jira a zaure ya mayar da shi. Zaurenmu kuwa da rumfar da Inna ke zama labule ne kawai tsakani.

Na shirya tsaf in tsani mutumin, sai abin ya gagara. Dattijo ne mai furfura a gemu, tsohon malamin makaranta, magana a hankali. Ya gaida Inna a ladabce, ya zauna a gefen tabarma da kwamfutarsa. Duk sharuɗɗan da na lissafo masa ya ce haka ya kamata, har ya ce wanda ya koya mini su ya san aiki. Shi ya yi shafin daga ƙarshe, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi kyau, har yau da shi muke amfani.

Ya tambayi girman kwalabe, ya tambayi tsawon lokacin da man ke yi bai lalace ba, da garuruwan da muke aikawa. Inna tana amsawa a taƙaice. Sai ya ce, "Hajiya, masu saye suna son su ji yadda aka fara. Me ya sa kika shiga sana'ar nan?"

Inna ta waiwaya. Na ga ta dubi ƙasan labulen zaure, inda ƙafafun Yaya suke a bayyane. Sannan matar da kullum sai ka matso kake jin maganarta ta ɗan ɗaga murya.

"Malam, ba neman kuɗi ya kai ni ba. Lokacin muna ƙauye wajen Roni, akwai wani yaro da aka kai Gwiwa. Ba dama in ce zan je ganinsa, dariya za a yi mini. Sai na ce wa maigidana wai man shanu ya fi daraja a kasuwar can. Ba haka ba ne, ya ma fi araha. Ranar kasuwa in ɗauki ƙwaryata in tafi, in zauna gindin wata tsamiya da ke kallon hanyar rijiya, don ta nan yara suke bi. In ya wuce in gan shi, in bai wuce ba in dawo wani satin. Wata rana na ga ƙafarsa duk faso, yana ɗingishi. Ban sayar da ko ludayi ɗaya ba ranar. Na ba wata mata man duka ta kai wa kakarsa, na ce ta ce kwantai ya yi." Ta gyara mayafinta. "Da aka sa shi makarantar kwana na daina ganinsa a hanyar, amma masu saye sun riga sun san ni. Shi ke nan, sai na ci gaba."

Dattijon ya cire hannunsa daga kan kwamfutar. Can ya ce, "Hajiya, in sa wannan a shafin?"

"Kada ka sa," in ji Inna. "Ba don masu saye na faɗa ba. Ka rubuta an daɗe ana yi."

Ta tashi ta koma wajen tukunyarta. Dattijon ya haɗa kayansa, na ɗaga labule in gaya wa Yaya baƙo ya shirya. Yana zaune a kan benci, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Bai ɗago ba.

"Ki ce wa Malam ya ɗan yi haƙuri," ya ce. "Ba zan iya tuƙi yanzu ba."