Jujin Kaka Dije

Yayana Sahabi ya ce mu sayar wa masu buga bulo gayaunar Kaka Dije da ke Dandin Mahe, tunda ta daina ba da komai. Na roƙe shi ya bar mini damina ɗaya. Tun ranar nake yawan tuna maraicen da muke yi a ƙofar ɗakinta.

Bayan magariba takan hura wuta da karan dawa, mu jikoki mu kewaye ta da kwanon tuwo. Ni take kira Maigida. "Maigida, matso nan. Miji ba cefane, sai cika ciki." A yi ta dariya, ni kuwa in ce na sake ta. A bayan ɗakin jujinta yake: toka, kashin awaki, ɓawon albasa, duk abin da tsintsiya ta tara. Takan yayyafa masa ruwan wanke-wanke, ta rufe da ƙaya don kada kaji su tona.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta Tana. Wai wata shekara Ƙasa ta yi fushi ta ƙame, fartanya in ta taɓa ta sai ta lanƙwashe. Sa ya gwada da ƙaho ya kasa. Jaki ya yi harbi har ya gaji. Sai Tana ta ce za ta shiga ta lallashe ta daga ciki. Ƙasa ta ce, "Mai shiga cikina sai ya aje idanunai bakin ƙofa." Tana ta cire idanunta ta ba Kaza ajiya, ta shiga. Ta yi ta huda, ta yi ta huda, har Ƙasa ta yi laushi ta karɓi ruwa. Da ta fito karɓar ajiyarta, ashe Kaza ta haɗiye. Shi ya sa har yau in ruwa ya sauka take fitowa da lalube, Kaza kuwa ta kai mata sara don kada ta gaya wa kowa.

"To wa ya gode mata?" in ji mu.

"Ba kowa. Ku ci tuwonku, aikinta na."

Da na zama saurayi na fara zuwa Bodinga, na ga takin zamani a buhu. Lokacin Kaka na kwance da ciwon ƙafa. Wata rana na ce jujin nan ba abin da yake tarawa sai wari da kunamu, na janye ƙayar na cinna masa wuta. Kwana biyu yana hayaƙi. Ta rarrafo ta leƙa, ta ce:

"Da mutanena ciki kas sa wuta?"

Na yi dariya, na ce buhu ɗaya ya fi jujinta goma. Daga ranar ta daina ce mini Maigida, da sunana Bello take kirana. Kafin a yanke gero ta rasu. Muka koma takin zamani, gayaunar ta yi albarka 'yan shekaru, sannan ta fara tauri, ruwa ya sauka ya gangare.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu. Malaminmu ya kawo takarda kan yadda ake haɗa taki. Kwana uku ina bin ta da yatsa: toka, kashin dabbobi, ruwa, a rufe. Ita ce takarda ta farko da na karanta da kaina, kuma babu abu ɗaya a cikinta da tsohuwar ba ta sani ba.

Na haƙa rami a bayan gida. Zubin farko ya bushe, don na yi rowar ruwa. Na biyu na jira wata biyu, na sa shebur na juya, sai ga mutanen Kaka, su Tana, jajaye suna motsi. Matata Hauwa ta same ni durƙushe. "Malam, tsutsa kaka yi wa kuka?" Na ɗebi ƙasa na rufe su.

Da ina yaro na ɗauka muguntar Kaza ake ba mu labari. Yanzu na gane labarin Kaka ne da mu: na san wa ke kwasar kashin awaki da safe, da kuma su wa ke cin tuwo da maraice.

Takin da na haɗa buhu biyu ya yi. Na kai shi gayaunar a babur, bai rufe wurin da ya wuce tabarma uku ba. A nan kawai gero ya tsaya, sauran filin ja. Sahabi ya duba ya ce, "Na gani, ƙanena, amma wanga ba ya riƙe gida."

Jiya masu bulo suka zo suka auna. Na roƙe su su bar mini kusurwar nan. Sun ce za su bari har in yanke.