Furar Yaya da Hanjin Auta

Da can cikina ba ya tambayar sunan abinci. Shekarun da na yi ina bin manyan motoci da albasa da shanu zuwa kurmi, babu tashar da na sauka na ce girkinsu ya fi ƙarfina. Na ci dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi a Kumasi, da barkonon da ke sa masu garin kansu share hanci. Na ci acake, dambun rogo, tsaye a bakin titin Abijan, na ci amala a Ikko, na ci shinkafar Larabawa mai na bin hannuna har gwiwa a shekarar da na sauke farali. Abokan tafiya su kwanta suna riƙe ciki, ni in koma in tambayi mai abinci ko da saura a tukunya. Yanzu kuwa da na dawo Filinge na zauna, ludayi guda na nono ya isa ya hana ni sallar jam'i.

Abin a hankali ya shigo. Murɗa, kumburi, sai gudawa ta zo ta yi makonni, ta tafi kamar ta yi sallama, ta sake dawowa. Na ɗora wa ruwa laifi, na ɗora wa zafin bazara. Kowa ya zo gaisuwa da sunan da ya raɗa wa ciwon da kuma ƙullin maganinsa. Na sha sabara, na sha saiwoyin da ban san iyayensu ba. Da wuyan rigata ya fara yi mini yawa, babban ɗana ya sa ni mota sai Yamai.

Can aka zura mini wata na'ura ta inda ba a faɗa, aka leƙa. Likitan ya ce hanjina ne ke kumbura, kuma irin ciwon nan ba ya warkewa, lallashinsa ake yi da magani da kame baki. Ya fara jero abin da zan bari: nono, tonka wato barkono, wake, maiƙo, ɗanyen ganye, shayi mai kauri. Na bari ya kai aya, sannan na ce masa ai abincin ƙasarmu ta Kurfai ya karanto mini kaf, sai ya gaya mini garin da zan koma. Ya yi dariya, ya ce akwai farar shinkafa, da kabewa, da dafaffen kifi, da kaza ba fata, da kunu idan an tace shi. Ya ƙara da cewa kowane hanji da halinsa, in riƙa gwadawa kaɗan-kaɗan ina lura.

Da Faransanci muka yi wannan hira, kuma babu tambayar da ban amsa ba, har launi da yawan zuwa, ko ƙifta ido ban yi ba. Harshen nan yana da kalma mai sanyi ga kowace ƙazanta, ka faɗe ta kamar kana maganar tayar mota. A Kumasi na ga magidanta sun yi layi da safe a ƙofar bayan gida na unguwa, suna gaisawa suna tambayar iyali. Mu nan dattijo ba ya zuwa ko'ina, zagayawa yake yi, butar ma a bayan riga yake ɓoye ta. Saboda haka da na dawo gida aka cika zaure ana yi mini sannu, abin da na ce shi ne likita ya ce gajiya ce ta shekaru.

Mai ɗakina ce kaɗai ta san gaskiya, ita ta juya tukunyarta. Na bar kopto, zogalen nan da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli da albasa, wanda da nake ci kamar akuya. Cukun da ake kawo mini tsaraba daga Abala ya koma na baƙi. In zan wuce masu kilishi sai in tsallaka wancan gefen hanya in yi kamar ina neman wani. Wake kam mun daɗe muna shari'a, na gwada shi jiƙaƙƙe, na gwada shi surfaffe, daga ƙarshe ya ci ni. Duk wannan a cikin gida ake yi, ba wanda ya sani. Abu guda ne ke shigowa daga waje, shi ne furar Yaya.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a tsohuwar unguwa da matan ƴaƴanta. Tun ranar da na bar tafiye-tafiye, kullum kafin azahar sai an kawo mini ƙwarya rufe da faifai daga gidanta. Hatsin daga gonarsu ta Tabla, nonon daga wata Bafillata ta wajen Sanam da ba ta sayar wa kowa kafin ta biya ta wurinta. Ga citta, ga kanumfari, ga ɗan tonka mai tsikarin maƙogwaro. Ba ta yarda kowa ya dama mata. Duk suna ko biki a unguwarsu, ita ake zaunarwa gaban babbar ƙwarya. Kuma kowa ya san a wurinmu ba a mayar da abinci yadda ya zo, zagi ne. Ƙwarya wankakka take komawa.

Mai ɗakina ta ce in je in gaya mata. Na ce da wane baki zan zauna gaban Yaya in yi zancen bayan gida. Ana cikin haka Allah ya kawo taubashina, ɗan goggona, tela ne a bakin kasuwa, siriri kamar karan dawa. Tun muna yara kowa cikinmu ke cewa ɗaya bawansa ne, har furfura ta cim mana ba a raba gardamar ba. Ya shigo gaisuwa da rana, ya tarar da ƙwarya a gabana ina kallonta, ya jawo ta ya shanye. Kashegari ya sake zuwa duba jikina, daidai wannan lokaci. Bai taɓa tambayar dalili ba. Ya ce ubangiji ba ya binciken abin da bawa ya ajiye masa, ci kawai yake yi ya sa albarka.

Haka muka yi tun farkon damina har aka kai hatsi rumbu. Ƙwarya na komawa fes, Yaya na aiko da sannu. Taubashi ya yi kumatu, har sai da ya farke wandonsa ya ƙara masa ƙyalle. Ni kuwa ina nan kamar an shanya ni.

Ranar wata kasuwar Lahadi suka haɗu da Yaya wurin masu kayan yaji. Ita ma taubashiyarsa ce, don haka ya soma tsokana, ya ce tsufa ya kama hannunta, furar jiya citta ta yi mata yawa. Ta tambaye shi inda ya ɗanɗana furar jiya. Tela ne, amma wannan ɓarakar ta fi ƙarfin allurarsa. Ya yi ta kame-kame har ya faɗi tun yaushe. Ranar Litinin ƙwarya ba ta zo ba, Talata ma haka.

Na ɗauka fushi ne na ƴan kwanaki, har na ɗan ji sauƙi a raina. Sai wata rana mai ɗakina ta dawo daga suna ko mayafi ba ta cire ba ta zauna gabana. Ta ce magana ta zaga unguwa: wai ba asibiti aka kai ni ba, wurin wani malami ne, kuma ya ce in kiyayi hannun wata ta jikina. Shaida ita ce tun da na dawo ban sa furar yayata a baki ba. Ta ce a wurin sunan nan wata aka ba damu, Yaya tana zaune a gefe hannu bisa cinya, ba wanda ya ce mata uffan.

Na yi yawo, na iya ciniki da harsuna da dama, amma na manta yadda ake karanta ƙin cin abinci a garin da aka yanke cibiyata. Mutum ya rame, ya daina shan furar gida guda, ai ya nuna gidan da yatsa. Tsohuwa kuma, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, in irin wannan suna ya manne mata, har kabari yake raka ta.

Dabara ta zo mini wadda na ga babu kamarta. Zan je gidanta lokacin da mata suka cika, in roƙi fura, in shanye a gabansu, magana ta mutu ba tare da na ambaci komai ba. Mai ɗakina ta ce in tuna hanjina bai san zumunci ba. Na ce na rana ɗaya dai zai yi mini kara.

Na isa da hantsi. Matan gidan da na maƙwabta suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da Alhaji, ita da ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai Auta. Na ce ƙishirwa ta kawo ni, a taimake ni da fura.

Ta ce, "Hurar gidan ga an ce ba ta da lahiya."

Na ce ko mai ciwo ce a ba ni. Ta jawo ƙwarya ta dama da hannunta. Na yi bisimilla na kafa kai. Gaskiya na yi kewarta, sanyin nonon da ƙamshin kanumfarin sai da suka sa na lumshe ido. Na shanye tas, na kife ludayi, na yi hamdala da ƙarfi don na bayan ɗaki su ji. Sai na gyara zama na shiga ba su labarin kasuwar Kumasi, don a gan ni garau.

Ban kai tsakiyar labarin ba cikina ya yi wata ƙara kamar ana jan turmi. Na ɗaga murya don in rufe ta. Gumi ya keto mini. Na nemi buta, na zagaya, na dawo na ci gaba daga inda na tsaya. Kafin in kai ga masu sayar da goro na sake miƙewa. Da na fito a karo na gaba, an daina ɓarar gyaɗa. Wata ta tattara gyaɗarta a faranti tana gyara ɗaurin zane, wata tana salati ƙasa-ƙasa. Yaya ba ta kallon kowa, tafin hannunta take kallo. Nan na gane abin da na yi: a gaban shaidu na sha furarta ina lafiya, a gabansu na kama ciki.

Ina tsaye da buta a hannu na ce kowa ta zauna. Da Hausa na faɗa, ba kwana. Na ce gudawa ce ke damuna tun bara, wani lokaci har da jini, hanjina ne ke kumbura, likita ya gani da idonsa. Na ce nono da tonka ke tayar da shi, ko daga Makka aka kawo su haka zai yi mini. Wanda kuma ya sha furar Yaya damina guda cur, su je bakin kasuwa su gan shi bisa keken ɗinki, wandonsa ya ƙi shi.

Wata tsohuwa ce ta fara ƙyalƙyalewa, saura suka bi. Yaya ba ta yi dariya ba.

"Auta, don zawo? Don zawo ka bari aka ɗauki sunana aka kai kasuwa?"

"Kunya na ji, Yaya."

"Kunyar wa? Ni da na goya ka kana ɓata mini zane tun daga rijiya har gida, yau ni kake ɓoye wa cikinka? Ajiye butar ga ka zauna. A'a, riƙe ta, ban yarda da kai ba."

Daga nan ta shiga yi mini tambayoyi, ta fi likitan Yamai bin diddigi, kuma a gaban kowa. Sai ga shi kusan kowace mace a wurin tana da miji ko suruki mai irin wannan lalura, kowa na fama a ɓoye, matan ne ke wanki suna yin shiru. Na bar gidan bayan azahar da shawarwarin da suka fi ƙarfin jaki guda. Na yi kwanaki a kwance ina biyan kuɗin wannan ƙwarya da jikina.

Da na tashi, aike ya dawo. Na ɗaga faifai na tarar da kunun surfaffen hatsi, an tace shi har ba ka jin tsaki ko ɗaya, ba nono ba yaji. Yaya ta mai da hanjina aikinta. Ta gwada ɗan tsamiya ya zauna, ta gwada gyaɗa ya ƙi, ta koma kunun shinkafa a ranakun da ciwon ya motsa. Taubashi ya zo ya leƙa ƙwarya, ya ce wannan ko ɗan maraƙi aka ba sai ya kai ƙara. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa gidanta, kuma sai ya ce shi bawanta ne kafin ta dama masa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta gaya wa mai kopto ta bakin tasha, ta gaya wa mahauta, ta gaya wa mai shayi. Na taɓa miƙa hannu zan ɗauki tsire guda a ɓoye, mahaucin ya janye faranti ya ce Yaya ta hana. A wurin biki tana gaban babbar ƙwarya tana damu, in ta hango ni sai ta ɗaga ludayi ta sanar da jama'a kada wanda ya ba ni.

Ciwon bai tafi ba, yakan kwanta watanni ya tashi, ina shan maganina ina cin shinkafata da kabewa. Fura da nono kuwa na bar su ke nan. Kuma tun daga ranar, duk wanda ya gaishe ni a Filinge, bayan ya tambayi iyali da gajiya, sai ya tambayi ciki, ni kuma in gaya masa yadda yake.