Allon da Tanko Ya Sauke

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Tanko wanzami makwancinsa. Abokina ne tun cikin jirgin da ya ƙetaro da mu teku zuwa garin Bahiya a ɗaure, muna samari. A gari ɗaya muka yi bauta, kusan lokaci ɗaya muka fanshi kanmu, ni na kama ɗinki, shi ya koma wanzancin da ya gada a gidansu.

Abin da ya tuna mini da shi bana shi ne yadda hukuma ta ƙara tsananta dokar nan da ta ce ba mai kiran kansa likita sai wanda makarantar likitoci ta ba shaida. Na ji ana karanta labarin a kasuwa, sai na kama murmushi ni kaɗai. Da Tanko na nan da na sha surutu har kunnena ya yi zafi.

A unguwar Itapagipe ya kafa rumfarsa, cikin masunta. Aski yake yi, da ƙaho, da cire haƙori. Masunci ya kwana biyu a teku ya dawo wuya a sanƙare, Tanko ya dasa masa ƙaho a ƙeya, gobe ka gan shi yana jan taru. Su ne suka fara ce masa Dotor, wato likita da harshen Fotugis. Wani ma ya ɓalle katako daga tsohon kwalekwalensa, ya sa aka rubuta kalmar da farin fenti, aka kafa a saman rumfar.

Ban ɓoye muku ba, Tanko yana son sunan nan fiye da kima. Bai iya karanta rubutun Turawa ba, amma kullum da safe sai ya goge allon da tsumma. Har baƙar kwat ya sa na ɗinka masa, yana fama da ita a zafin nan yana zuba gumi. In na zolaye shi da cewa likitan da bai taɓa taka makaranta ba, sai ya ce ni ma ai ba makaranta ta ba ni allura ba.

Wata rana da hantsi wani jami'in lafiya ya tsaya a ƙofar rumfar. Bai yi faɗa ba. Ya ce ko a sauke allon a daina amsa sunan, ko a rufe rumfar. Ina nan ina jiran aski. Da ya tafi na ce, "Haba Tanko, katako ne fa. Sauke shi ka ci gaba da neman abincinka."

Ya daɗe yana wasa askarsa kafin ya ce, "Audu, sunan da ubana ya raɗa mini sun bar shi a bakin teku. Antoniyo kuwa ubangida ne ya laƙaba mini, kamar yadda ya sa wa dokinsa suna. Wannan kaɗai aka ba ni a ƙasar nan don ana so na."

Na ji kunyar zolayar da na sha yi masa.

Da hannunsa ya sauke allon, don yana da bakuna a gida da ke jiran rumfar. Abin da ya fi wuya shi ne hana mutane. Duk wanda ya ce Dotor sai ya ɗaga masa hannu. Antoniyo kuma ba ya amsawa. Masunta suka rasa yadda za su yi, sai su tsaya a ƙofa suna gyaran murya. Wata tsohuwa Bayarabiya mai soya kifi ce ta gaji, ta tare ni ta ce, "Kai me kake ce masa?" Na faɗa mata Tanko nake ce masa. Ta leƙa rumfar ta ƙwala masa kira da shi. Tanko ya juyo a firgice, don ban da ni da matarsa ba wanda ya kira shi haka tun yana saurayi. Ya amsa.

Yau ina ganin dokar tana da gaskiyarta. Na ga masu kwat da kwalabe da suka ɗauki sunan likita suka sayar wa talakawa ruwan banza, wasu har kabari. Tanko ma, bayan ya gama mita, na san zai yarda da wannan, don ya tsani maƙaryaci. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a jera shi a sahu ɗaya da su, kuma doka ba ta da idon bambancewa.

Makon jiya na lallaɓa Itapagipe da sandata. Rumfar ta zama wurin ajiye gishiri. In ka nemi Dotor, za a nuna maka wani matashi mai shaida, kuma an ce yana da kirki. Na tambayi wasu dattawa masu gyaran taru ko sun tuna Tanko. Ɗaya ya ajiye tarun, ya juya mini baya, ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini tabon ƙaho a ƙeyarsa. Wanda ke kusa da shi ma ya janye tasa.